Takobin da Ke Cikin Akwatinki

Inna,

Sallama a gare ki, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma da ni za ki miƙo wa, ki ce in karanta miki da wannan bokon nawa da na tsinta a jikin takardar ƙosai. To yau ba mai katse ni da cewa bakina ya yi yawa.

Gida lafiya. An yanke dawa. Jar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Baba yana nan a zaure yana karɓar gaisuwa, yana gaya wa kowa cewa ke ba ki taɓa cutar ko ƙuda ba. Ni kuwa in na ji sai in tashi in bar wurin.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in ɗinki, Yaya Hajara ta buɗe akwatinki don a raba kaya. A can ƙasa, naɗe cikin gwadon da ba ki ƙarasa saƙawa ba, sai ga takobina. Ita dariya ta yi, wai dubi tarkacen da Inna ke adanawa. Ni ban yi ba.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, tunda ba ki taɓa tambayata ba. Shekarata tara. Bayan girbi yaran unguwarmu a nan Kibiya suna wasan yaƙi a gonar bayan gari, kowa da takobinsa na kara. Nawa sara ɗaya yake karyewa, a mayar da ni cikin gawawwaki in kwanta a kunya har a tashi. Ke kuma kina da wannan dogon itacen mai faɗi da kike danne zare da shi in kina saƙa, baƙi wul, ya yi santsi don hannunki da na mahaifiyarki. Kullum ina ji kina cewa a miƙo miki takobi. Sunansa ke nan a wurin masu saƙa. Ni kuma a kaina na yaro sai na ga ai takobi ne da aka hana shi aikinsa, aka ajiye shi yana bugun zare.

Na ɗauke shi ranar da kika tafi suna. Kwana uku ina feƙe shi da wuƙar Baba a bayan rumbu, har tafin hannuna ya yi kanta. Na kankare bakin da fasasshiyar kwalba. Na huda murfin gwangwani na zura masa ya tare hannu, na naɗe mariƙin da robar tayar keke, na yi masa kube da kwali. Ranar da na fita da shi na karya takubba bakwai. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na ji ba daɗi ba.

Kina ta nema, kina zazzage ɗaki. Baba ya tambayi wace baƙuwa ce ta shigo, kika ce Goggo Dudu ce kawai. Goggo Dudu, ƙawarki, wadda ke tasowa daga rugarsu ta bayan Fassi da ƙwaryar nono a ka, ta sauke a ɗakinki ku yi ta hira, ta cika min ludayi ba ko sisi. Ta taɓa shafa takobin nan ta ce yana da kyau, shi ke nan laifinta. Baba ya tare ta a ƙofar gida ya ce kada ta ƙara taka masa zaure. Matan layinmu suka daina sayen nononta. Har yara suna binta suna kiranta mai dogon hannu. Ina cikinsu, Inna. Ina gaba ma.

Wannan nawa ne, na ɗauka. Shekara goma sha huɗu ina ɗauke da shi, ina ganin na cuce ki, na raba ki da sana'arki, don wanda kafinta ya sassaƙa miki cin zare yake yi har kika jingine saƙar. Sau nawa na zo bakin ƙofarki zan faɗa in koma? A asibitin Rano ma, da kina jinya, na buɗe baki, kika ce in yi shiru in ba ki ruwa.

Amma takobin nan, mako ɗaya kawai ya yi a ƙarƙashin rumbu inda na ɓoye shi, ya ɓace. Na ɗauka wani yaro ne ya sace. Ashe ke ce. Ashe tun satin farko kin sani.

Kin sani, kika bar matar nan da sunan ɓarauniya. Kin sani, kina jin ana jifanta da magana a bakin rijiya kika ja gugarki kika wuce. Don me? Don kada Baba ya farfasa min jiki da dorina? To da ya farfasa mana. Da yanzu tabon ya warke. Wa ya ce miki fatar bayana ta fi mutuncin babbar mace tsada? Ko don ita Bafulatana ce, ba ta da kowa a cikin gari, in an ɗora mata zai zauna? Ke da kike dukan bakina in na yi ƙarya a kan ƙuli-ƙuli?

Kuma kin san ta zo gaisuwarki? Da ƙafa ta zo, ta tsufa, tana dogara sanda. Ba ta shiga ba, a bakin zaure ta durƙusa. Da liman ya roƙi jama'a a yafe miki, ita ce ta fara cewa ta yafe duniya da lahira. Ta ce ke ba ki da laifi, abu ne ya ɓata miki kika yi zato. Ta kama hannuna tana kirana Autan Inna, tana cewa na girma.

Yafiyar nan ce ta tsaya min a wuya. Ta yafe abin da take zaton kin yi, ba abin da kika yi ba. Yaya Hajara ta ce in rufa miki asiri, wai mamaci ba a tona shi. Na ce mata mai rai fa, ita a bar ta a tone?

Gobe da safe zan hau babur in je rugar. Zan ajiye mata takobin a gabanta, a gaban 'ya'yanta da suka tashi ana nuna su da baki. Zan ce ni na ɗauka. Zan kuma faɗi inda aka same shi. Na yi ta juya yadda zan tsallake wannan, ban ga hanya ba. Daga nan in dawo in faɗa wa Baba a zaure, a gaban masu gaisuwar tasa.

Idan ta sake yafe miki bayan ta ji, to kin samu ta gaske. Idan ta ƙi, ba zan roƙe ta ba, Inna. Ba ni da bakin.

Allah Ya jiƙanki. Ina nufin haka har zuciyata, ko da yake haushinki nake ji.

Autanki mai baki,
Sule