Mabuɗin da Yaya Icilda Ta Mayar

May Pen, Jamaika
9 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga ƙanena Leaford,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da Delrose da yara, Allah ya raba ku da sharrin sanyin Toronto. Mu nan da sauƙi, sai gwiwoyina da suka ƙi ni. Rufin kicin yana yoyo har yanzu, na gaji da kiran kafinta, na sa bokiti na zuba ido.

Wasiƙarka ta iso, na ga ka ce za ka rubuta wa jarida cewa ƙungiya ta kori Yaya Icilda daga koyar da 'yan mata wasan kurket, na sanda da ƙwallo. Don Allah ajiye alƙalaminka. Ba wanda ya kore ta, wanda ya kai maka labarin ma da kunne ɗaya ya ji.

Ka dai tuna yadda aka fara. Ni na ɗinka wa Yaya da 'yan wasanta mata fararen siket da buhunan fulawa, maza na zaune kan katanga suna ce musu su koma gida shinkafa na ƙonewa. Yaya ta ce wa wani daga cikinsu in ya damu da shinkafar ya je ya sauke, ai hannunsa ba a ɗaure yake ba. Shekara goma sha ɗaya tana kyaftin, a ƙarƙashin mangwaro suke canja kaya domin an hana mata shiga ɗakin 'yan wasa. Ka kuma tuna wasan Kingston, saura maki huɗu ta cika ɗari, ƙwallo ta ɗan goge sandarta, mai tsaron baya ta cafke, a dokar wasan kuwa ta fita ke nan. Alƙalin wasa bai ji ba, bai ɗaga yatsa ya fitar da ita ba, amma ta sa sanda a hammata ta fice da kanta. Aka cinye su. Mako guda ba ka yi mata magana ba, ita kuwa abin da ta ce kawai shi ne ta san ta taɓa.

To hali zanen dutse. Tun bara idonta na hagu ke rufewa daga gefe, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta hana ni gaya wa kowa, har kai. Asabar uku da suka wuce, a filin atisaye, ta ba da umarni a jefa ƙwallo alhali wata yarinya mai suna Kerrian tana durƙushe ta hagunta tana ɗaura takalmi. Ƙwallon ta same ta a kafaɗa. Ba karaya, kumburi ne kawai. Kowa ya ce laifin yarinyar ne, har uwarta ta ce kan Kerrian kamar kwakwa yake, ba ta jin magana. Da aka tashi Yaya ta je wurin sakataren ƙungiya ta miƙa masa mabuɗin ɗakin kaya. Ya roƙe ta, ya ce haba Kyaftin, ai ba wanda ya ga laifinta. Ta ce masa ita ma ba ta ga yarinyar ba, kuma gobe kai zai zama, ba kafaɗa ba.

Gaskiya na gaji, Leaford. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ta riƙa zama kan kujera tana ba da umarni da baki. Ta ce in daina yi mata wa'azi, fasto ɗaya ya ishe ta. Yanzu ranar Asabar takan zauna a baranda, ta juya kujera ta ba filin baya, tana shafa wa tsohuwar sandar mai da yatsunta. In ta ji ƙarar duka daga can, sai ta faɗa a hankali ko an buga daidai ko an yi ganganci, kuma ban taɓa jin ta kuskure ba. Abin yana ci mini rai, sai in shige kicin in tsaya kan bokitina.

Saboda haka kada ka nemi wanda za ka zarga. In kana son yi mata wani abu, ka zo da Kirsimeti, ka zauna ta damanta inda take gani. Wancan karon da ta fice ka yi mako kana fushi. Wannan karon ka zo ka ce mata ta yi daidai, domin ni bakina ya kasa faɗa.

Ka gaida Delrose, da Omar, da ƙaramar Petal. Inna Vashti tana gaishe ku, ta ce a kawo mata man zafi. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Euphemia