Gobe Zan Cire Tunkiyar

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kana lafiya, da yaran. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, alhamdulillahi, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

An ba ni shugabancin rukuninmu na ɗaliban likitancin dabbobi, wai in koyi jagorancin bincike. Muna gwada sabon magani a kan tumaki marasa lafiya. Rabi ana ba su maganin, rabi ruwa zalla, kuma an ɓoye mana wace ce wace don kada son rai ya shiga.

To, wata tunkiya ta daina kiwo. In na cire ta daga gwajin aka yi mata jinya, tumakin ba za su isa ba, wahalar ɗaliban na iya tashi a banza. Wata cikinsu har ta ce, "Haba Anti, ƙanwarki ce? Bari zuwa Litinin mana!" Na yi murmushi. Amma Yaya, ni nake yin bisimilla in ɗura mata abin da ban sani ba.

Malaminmu ya ce shawara tawa ce. Gobe zan cire ta. Ka taya ni addu'a Allah Ya ba ni bakin gaya musu, ka san muryata ba ta cika ɗaki.

Kada Inna ta ji.

Ƙanwarka