Akwai Mutum a Gonar Maje

Suleja

Ƙanwata Asama'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Kaduna? Kwalin hotunanki ya iso lafiya, ko gilashi ɗaya bai tsage ba. Na sa wannan takarda cikin kwalin da zan mayar miki don maganar ba ta waya ba ce. In na faɗa da baki, dariya za ki yi min.

Kayanki suna tafiya. Na Dutsen Zuma kam ba ya kwana a shago, ma'aikatan Abuja sun maida shi abin kyauta ga ogoginsu. Mutanen gari kuma kin san abin da ke jawo su: babu mutum babu dabba a hotunan da kike aiko min, kowa zai rataya a falo ya yi sallarsa ba sai ya kifa firem ba. Da wannan nake tallata su.

To, Alhaji Bamalli mai fenti ya ba ni kunya a gaban kwastomomi. Ya sayi babban nan na gonar Maje, mai bishiyar ɗorawa da karan dawa, sai ga shi ya dawo da shi. Ya ce, "Madam, kin ce ba mutum. Wannan matar fa?" Na sa tabarau, na cire, na goge gilashin da bakin zanena. Kara kawai na gani. Na ce, "Alhaji, ko dai ido ne?" Bai yi dariya ba. Ya ce iyalinsa ma sun gan ta. Ya canza da na Zuma ya tafi.

Ki duba na cikin kwamfutarki ko wata ta gifta ba ki lura ba. Ki huta lafiya.

Antinki,
Chiazo

Kaduna

Anti Chiazo,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da maigidanki Oga Nnabuike da yara. Na ga saƙo.

Ni na ɗauki hoton nan da hantsi, ni kaɗai, ko akuya babu. Duk da haka na buɗe shi, na ja shi ya cika gilashin kwamfuta, na bi shi kara bayan kara. Babu kowa. Alhaji ya je a duba masa ido, ko kuwa ya ce kawai ya fi son Zuma, ba sai ya ɓata min suna ba. Raina ya ɓaci, Anti, ba zan ɓoye miki ba.

Gonarmu ce. Hoton ƙarshe ne kafin a zagaye ta da bulo. Yanzu in kin je wurin, gidajen haya ne da tankunan ruwa, ɗorawar ma an sare. A mayar da shi inda masu wucewa za su gani, zai sami mai so.

Na gode da ɗawainiya. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Asama'u

Suleja

Asama'u ƙanwata,

Gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Na mayar da shi gaban shago kamar yadda kika ce. Wata nas, Omolara, ta saya. Ita ba ruwanta da maganar mutum a hoto, har cewa ta yi matar ce ma ta burge ta. Na karɓi cinikina, kin san ni. Jiya ta dawo da shi a naɗe cikin zanen gado. Ta ce, "Madam, a beg, riƙe kayanki. Da na saya tana gindin bishiya. Yanzu tana tsakiyar gona."

Da ta tafi na jingina shi da teburin shago, rana tsaka, masu acaɓa na ta hon a waje. Asama'u, na gan ta. Ba inuwa ba ce, ba datti ba ne. Mace ce ta juya baya, da zane baƙi ɗaurin ƙirji, ta ɗora ƙwarya a kafaɗar hagu, ba a ka ba. Tana ɗan karkacewa gefe guda kamar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na kira sunan Yesu har mai shagon kusa ya leƙo. Na ɗauka da waya don in turo miki, amma a wayar kara ne kawai da bishiya.

A garin nan aka haife ni, na sayar da firem na aure da na gawa ba adadi, ban taɓa jin tsoron kayan shagona ba sai yanzu. Da safe in na buɗe ƙofa, ba na kallon wajen da yake. Nnabuike ya ce a ƙone shi. Na ce kayan mutane ne, sai na ji daga bakinki. Wace ce ita?

Antinki da ba ta da sukuni,
Chiazo

Kaduna

Anti,

Ina gaisuwa. Don girman Allah kada a ƙone shi, kada kuma a sayar wa kowa.

Mahaifiyata ce, Inna Rabi. Bagwariya ce, a kafaɗa take ɗaukar kaya duk rayuwarta, kuma ƙafarta ta dama ta taɓa karyewa tun tana yarinya. Ba ki taɓa ganinta ba, ban kuma taɓa ba ki labarinta ba. Ta rasu kafin in ɗauki wannan hoton.

Inna ba ta yarda da hoto ba. Ko katin zaɓe ba ta yi ba saboda shi. In na ɗaga kyamara sai ta juya baya ta ce, "Je ki kama duwatsu, su ba sa gajiya da kallo." Na yi roƙo, na yi wayo, na yi fushi, a banza. Sana'ata ke nan, na ɗauki fuskokin mutane da ban san iyakarsu ba, amma ba ni da fuskar uwata ko a ɗan guntun takarda.

Abin da ke damuna shi ne ta fara ɓace min. Muryarta tana nan, tafiyarta tana nan, har warin daddawar da ke hannunta ina ji. Amma in na rufe ido na nemi fuskar, sai ta ƙi tsayawa. Na tambayi yayana Nasiruddeen ya kwatanta min ita, ya ce, "Kamar Inna mana," ya ci gaba da danna waya. Tsoro nake ji, Anti, kada wata rana in neme ta in rasa gaba ɗaya.

Na sake wanke hoton a nan, na ba abokan aikina su duba, ba wanda ya ga komai. Naki ne kaɗai. Ina zuwa ranar Asabar.

Taki,
Asama'u

Suleja

Ƙanwata,

Ina fatan kin sauka lafiya. Kin tafi ba sallama, ban kuma ga laifinki ba.

Tun safe kike tsaye gaban hoton nan har aka kira la'asar. Kin matsa kusa, kin ja baya, kin sa na cire gilashin. Na kawo miki kujera kika ƙi, na kawo abinci ya huce. Daga ƙarshe kika ce, "Har yanzu ni take juya wa baya, ko bayan ma ta hana ni." Kika ɗauki jaka kika fita.

Ga abin da ban faɗa miki a lokacin ba. Asama'u, ba ta juya miki baya ba. Tun da kika shigo shagon ta sauke ƙwaryar ta juyo. Ta zo har bakin firem, kusa da ke sosai. Duk tsayuwar da kika yi, ke take kallo. Ban san me ya hana ki gani ba, ni ba malama ba ce ba kuma fasto ba. Da kika fita ta tsaya kaɗan, sannan ta ɗauki ƙwaryarta. Yau da safe na duba, na kira Nnabuike ya duba, na kira mai shagon kusa. Kara ne da bishiya, babu kowa.

Amma na ga fuskar, na gan ta da kyau, kuma tana nan a idona. Ban sani ba ko ta yarda in ba ki, tunda da ranta ta hana. Ke ce 'yarta. In kin ce in faɗa, zan faɗa. In kin ce in yi shiru, zan tafi da ita kabarina.

Antinki,
Chiazo

Kaduna

Anti,

Ina gaishe ki. Na yi mata addu'a, na nemi afuwarta in laifi ne.

Ki faɗa min. Kada ki jira kwali, ki ba direban farko da zai tashi takardar. Ki rubuta a hankali, kada ki tsallake komai, ko da abin da kike ganin ba kyau ne.

Ki fara da idanun.

Taki har kullum,
Asama'u