Mutum Bakwai Sun Ce Sun Yarda

Kiyawa, 9 ga Yuli, 2001

Zuwa ga Yayana Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Huseina da yara. Yaya damina a Haɗeja?

Yaya, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Yau kwana shida maigidana, Baban Zara, yana tsare a Dutse, wai san noman da ya saya watan jiya na sata ne. Wani Bafulatani daga wajen Miga ya zo wucewa ana huɗa, ya kira san da suna, sa ya ja garma ya nufe shi. Magana tana gaban alƙali, ka kuwa san hukuncin sata yanzu. Da tunanin hannunsa na dama nake kwana, da shi nake tashi.

Ka san tsarin da 'yan shanun nan suke taƙama da shi. Ba takarda, ba shugaba. Kowa yana da mutanen da ya amince da bakinsu, su ma suna da nasu, har abin ya game kasuwanni daga nan zuwa Buji. In za a sayi dabba, sai bakwai cikin amintattun mai saye sun ce sun yarda ba ta sata ba ce, sannan ciniki ya faɗa. Wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To, bakwai sun yarda, mai sayarwar kuwa ko sama ko ƙasa. Gobe zan bi su gida-gida, ko a samu ɗaya ya zo kotu ya ce ya san mutumin.

A sa mu a addu'a. A gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Zulfa

Kiyawa, 14 ga Yuli, 2001

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar Anti Huseina?

Na bi su duka, har silifas ɗina ya tsinke. Alhaji Idirisu ya ce bai san mai san ba, ya dai ga Malam Ɗanladi ya gyaɗa kai. Malam Ɗanladi ya ce shi ma wani ya bi. Haka suka yi ta miƙa ni daga zaure zuwa zaure kamar ƙwaryar aro. Na bakwai shi ne Baffa Umara, wanda ba ranar kasuwar da ba ya cin tuwon gidanmu. Yana sakace ya gaya mini shi ya fara cewa ya yarda, don ya ga Baban Zara yana duba haƙoran san, kuma mutum kamarsa ba zai taya abin sata ba. Ka ji fa. Ashe mijina ya tambayi mutum bakwai, cikinsu ba wanda ya san komai, shi ɗin dai suke kallo.

Zuwa kotu kuwa, wannan ciwon baya, wancan tafiya ta kama shi. Wallahi ƙyama suke ba ni, da manyan rigunansu da carbinsu.

Taka,
Zulfa

Kiyawa, 2 ga Agusta, 2001

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka albishir: an sake shi da hannuwansa biyu. Bafulatanin ne ya tsaya gaban alƙali ya ce bai ga wanda ya kwance masa sa ba, kuma ɓarawo ba ya huɗa a bakin titi da rana tsaka. Aka mayar masa da dabbarsa, Allah ya saka masa da alheri. Washegari bakwai ɗin suka cika mana zaure da barka, har da goro. Ni ko ruwa ban aika musu ba.

Jiya Baban Zara ya dawo daga kasuwa yana fara'a, yana ba ni labari wai an sayar da wata saniya, har an nemi bakinsa cikin bakwai. Na tambaye shi ko ya san mai ita. Ya ce a'a, amma ai Baffa Umara ya yarda. Na ajiye masa tuwonsa na fito tsakar gida. Hannun da na yi wata guda ina kuka a kansa, shi ya ɗaga ya ce ya yarda.

Ka zo ka yi masa magana, ko zai ji taka. A gaishe da yara.

Ƙanwarka,
Zulfa