Kifin Walimar Silas

Tanana, 12 ga Yuni

'Yata Adeline,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, kuma jirgin binciken naku ya daina sa ki amai. Ni dai gwiwa ce ke damuna, sai kuma haushi.

Bana ma hukuma ta hana mu jefa raga a kogin Yukon, wai kifi ya yi ƙaranci. Ga walimar tunawa da babanki Silas watan gobe, kin kuma san yana kwance ciwon ajali na yi masa alkawarin kifin salmon na koginmu za a ci, wanda na kyafe da hannuna.

Jiya jirgin sama ya sauke mana kwalayen daskararren kifi daga wani kogin kudu. Mai rabon har da ce mini, "Iya, ai kifi kifi ne." Na ce, "Uwa ma uwa ce, kawo taka a sauya maka."

Ke da kike tsaga cikin kifi a tsakiyar teku, faɗa mini gaskiya, me ya sami namu? Kawunki Orville ya ce zai ara mini ragar hannu, duk abin da zai faru ya faru.

Ki riƙa cin abinci.

Mahaifiyarki,
Vernita

Tanana, 3 ga Yuli

Adeline tawa,

Ya aiki, ya sanyin teku? Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku, raina sai ƙara ɓaci yake. Wato na kudu suna can suna ƙoshi da ƙananan kifaye masu maiƙo, namu kuwa ruwansu ya yi ɗumi, abincinsu ya watse, kuna buɗe ciki ku tarar wayam. To, mu muka ɗumama tekun? Manyan jiragen da ke kwashe su suna zubarwa ba a ce musu kanzil, sai tsohuwa mai raga ɗaya!

Kin ce kada in yi. Na yi.

Shekaranjiya da safe muka fita da Orville. Har rana ta take, guda ɗaya ce ta shiga, mace, cike da ƙwai. Adeline, ko tsawon hannuna ba ta kai ba. Na shafa gefenta, babu tsoka. Da wannan jikin ta hauro mil ɗari bakwai daga teku, kuma da sauran tafiya kafin ta zuba ƙwan.

Orville ya ce, "Buge ta mana! Ko jira kike ta gaishe ki?"

Na riƙe ta a ruwa har ta dawo hayyacinta, na sake ta. Muka juyo gida hannu Rabbana.

Ni da kaina na saɓa alkawarin babanki, ba hukuma ce ta sa ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ki nemi hutu ki zo mu raba abincin tare. Ba zan iya haɗa ido da ƙannensa ni kaɗai ba.

Ki gaida abokan aikinki.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Vernita