Fuskar Gogo a 3GP

Hamma Abdulhakeem,

"Ai bidiyo bidiyo ne," ka ce min jiya, ka ci gaba da cin tuwonka. To, ba haka ba ne! Da safen nan na buɗe bidiyon Gogo da ka matse. Don imel ya ƙi ɗaukar na farko saboda nauyi, shi ne ka mai da shi 3GP, irin na wayoyin da? Fuskar Gogo ta dame kamar kunu. Ko tsagen kumatunta ba ya fitowa, alhali shi ɗanta Hamajoɗa ya roƙa ya gani. Mutumin da ya rabu da uwarsa tun gudun hijirar Mubi, sai bana aka gano inda yake, kuma imel ɗin wurin aikinsa kaɗai muke da shi, da me zai gane ta? Wallahi har kuka na yi.

Kada ka tura komai, kada kuma ka goge na asalin. Na kwafe shi, na tafi Jimeta shagon Jemimah mai aikin kwamfuta. Na riga na faɗa wa Gogo: "MP4 za mu yi, ko da za a gajarta shi. Yau ɗanki zai ga fuskarki sarai."

Yusrah