Irin Hatsinki Ba Zai Zauna Yadda Kika Bar Shi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwar ɗa mai ladabi, zuwa makwancinki a Sae Sabuwa. Bayan haka, laifi na yi miki, na zo in faɗa da bakina.

Kin tuna shekarar babban fari, da muka koma cin dussa da ganyen jiga? Kin zuba irin hatsinki mai doguwar zangarniya a tulu, kika liƙe bakin da laka. Na ce ki fasa mu ci, kika ce, "Wanda ya ci iri ya ci baɗi." Na ce miki kin fi son tulu da 'ya'yanki. Ga shi ba ki ga ruwan baɗin ba, Inna, ban samu na janye maganar ba.

Tun daga nan duk damina sai na shuka irin nan naki a gefen gona. Amma garin ya sauya. Hatsin kowa yanzu ɗan sauri ne. Naki kuwa, mai taurin kai kamarki, sai ya tsaya jiran ruwan ƙarshe, wanda ya daina zuwa. Maƙwabta sun gama girbi shi yana tsaye shi kaɗai, tsuntsayen gari duka a kansa.

Na kai kukana wurin wani malamin gona a Agiye. Ya ce kowace ƙwaya tana ɗauke da tsarin gado a cikinta, har da ranar fitar da kai. Shekarun fari sun tace wannan gadon: mai jinkiri ya bushe bai bar baya ba, mai sauri ya hayayyafa. Ya ce tunda naki ba ya fure tare da na maƙwabta, iska ta daina haɗa su aure, kuma in an daɗe a haka kowa zai kama hanyarsa kamar ba kaka ɗaya ba. Na fito daga buronsa na aiki ina share ido da hula.

Bana dami guda ma ban haɗa ba. Da na zauna zaɓen iri, ban ɗauki dogayen nan da kike aunawa da hannunki ba, don rabinsu ba ƙwaya. Na ɗauki gajeru, waɗanda suka riga 'yan'uwansu nuna. Ina da bakuna bakwai a gida, Inna.

Na san abin da na yi. In na ci gaba da haka zai rayu, amma nan da 'yan shekaru ko kin dawo ba za ki gane shi ba. Zuciyata ta karye. Ke kin kwana da yunwa don ya tsira, ni ga shi ina sauya miki shi da hannuna.

Allah Ya jiƙanki, Ya sanyaya makwancinki. Ki yafe mini wannan, da waccan maganar.

Ɗanki,
Sale